Gobarar Triangle: Kuɗin Kaya da Kuɗin Rai

Ran Asabar 25 ga watan Maris na 1911, da la'asar, gobara ta tashi a ma'aikatar ɗinkin riguna ta kamfanin Triangle da ke birnin New York a Amurka. Ma'aikatar tana hawa na 8 da na 9 da na 10 ne na wani dogon bene, tsanin 'yan kwana-kwana kuwa bai wuce hawa na 6 ba. Wata ƙofar fita a hawa na 9 kuma a kulle take. Mutum 146 suka halaka, galibinsu 'yan mata baƙin haure, Yahudawa da Italiyawa.

Masu ma'aikatar, watau Max Blanck da Isaac Harris, sun yi wa kayansu inshora mai yawa. Da aka zo biya, abin da suka karɓa ya ɗara asarar da suka bayyana da wajen dala 60,000, watau kamar dala 400 ke nan ga kowane rai da ya salwanta. Amma fa wannan inshora ta gobara ce: yadi da kekunan ɗinki ta tsare, ba ruwanta da wanda ke zaune a kan keken. Dangin mamata ba su da ko anini a ciki.

To, ina za su nufa? A nan ne abin takaicin yake. A 1910 jihar New York ta kafa dokar da ta tilasta biyan diyya ga ma'aikaci a wasu sana'o'i masu haɗari, ko da ba a kama maigidansa da laifi ba. Ana gobe gobarar, ran 24 ga Maris, babbar kotun jihar ta soke dokar, tana cewa ƙwace dukiyar mai ma'aikata ne ba bisa ƙa'ida ba. Hanya guda ta rage wa magada, ita ce su kai ƙara, su kuma tabbatar da sakaci. Wannan kuwa jidali ne ga talakan da ba shi da kuɗin lauya.

Gwamnati ta gurfanar da mutanen biyu bisa tuhumar kisan kai ba da niyya ba, amma a watan Disamba na 1911 aka sallame su, don ba a tabbatar sun san ƙofar a kulle take ba. Ƙararrakin neman diyya kuma suka yi ta jan ƙafa, daga bisani aka tsaya a kan dala 75 ga kowane mamaci.

Hasalar jama'a ce ta sa aka gyara tsarin mulkin jihar a 1913, sabuwar dokar diyyar ma'aikata ta fara aiki a 1914. A cikin 1913 ɗin ne kuma aka sake kama Blanck ya kulle ƙofar ma'aikata ana cikin aiki. Tarar dala 20 alƙali ya ci shi.