Mene ne mutum-mutumin Japan da ake rububin tarawa?

Ƙananan siffofi ne na roba masu kamannin jaruman finafinan zane na Japan, irin su Dragon Ball da One Piece. Wasu gaɓoɓinsu na motsi, wasu kuwa a tsaye suke cak, na ajiya a kabad ɗin gilashi. Alamar 1/7 a jikin kwali na nufin kashi ɗaya cikin bakwai na tsayin jarumin.

Kamfanoni kamar Good Smile kan karɓi oda watanni kafin kaya su fito. Wanda ya makara sai ya nema a shagunan Akihabara da ke Tokyo ko ta intanet, sau da yawa da tsada. Mai saye daga ƙetare ga kuɗin jigila, ga na kwastan. Abin takaicin shi ne jabu ya yi yawa: fentin ido ya karkace, gaɓoɓi sako-sako.