Mirriya: garin da ya girmi Zinder a sarauta

1. Gabatarwa

Masu nazarin tarihin Damagaram sun saba farawa daga Birnin Zinder, su dubi sauran garuruwa tamkar ƙauyukansa. A cikin wannan takarda za mu ɗauki misalin Mirriya, wadda ke nisan kilomita 18 gabas da Zinder bisa hanyar Gure da Diffa, domin mu nuna cewa wannan hanyar nazari tana ɓoye wani sashe na tarihin ƙasar.

2. Kafin Damagaram ta yi ƙarfi

Mirriya tana cikin ƙasashen Sosebaki, tare da Dungas da Waca, waɗanda suke bin Barno, suna kai mata gaisuwa. Malam Yunus ya kafa gidan sarautar Damagaram a ƙarni na 18, a wannan ƙarni kuma Mirriya gari ce mai sarki. Sai a farkon ƙarni na 19 ne Sarki Sulaiman ya mayar da fadarsa Zinder.

Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya ratsa Mirriya a watan Disamba na 1852. Ya rubuta cewa dā babban gari ce, kuma ta fara ja da baya tun da Zinder ta kafu. Wannan shaida tana da amfani, domin ta fito daga wanda ba bafaden kowa ba. A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya yi sarauta daga 1851 zuwa 1884, Damagaram ta tara bindigogi da igwa, ƙasar Sosebaki kuwa ta koma ƙarƙashinta.

3. Daga Nasara zuwa yau

Bayan yaƙin Tirmini na 1899, Faransawa suka kama Zinder, suka mai da ita babban birnin ƙasar daga 1911 zuwa 1926. Sarkin Mirriya ya zama shugaban kanto. Gyaran fuskar mulki na 1964 ya ba garin matsayin cibiyar arondisman, aka kawo sufurefe. Dokar 2002 ta mai da arondisman gunduma, a 2011 kuma aka yanke Takeita da Damagaram Takaya daga ƙasarta, kowace ta zama gunduma mai cin gashin kanta. Ke nan sau biyu ƙasar Mirriya ta ragu: da yaƙi a ƙarni na 19, da doka a ƙarni na 21.

4. Abin da ya riƙe garin

To, me ya hana Mirriya mutuwa, alhali tana gindin babban birni? Amsa ta farko ita ce ruwa. Zinder tana zaune bisa dutse, ƙishirwa kuwa tsohuwar matsalarta ce. A Mirriya ruwa yana kusa, shi ya sa ake da garake, da mangwaro, da manyan itatuwa, ana kai kayan lambu birni. Ta biyu ita ce yumɓu: tukwane da tuluna da randunan Mirriya sun yi suna a jahar duka. Ta uku ita ce kasuwar Lahadi, inda manoma Hausawa suke haɗuwa da makiyaya Fulani da Buzaye, da kuma ƴan birni masu sari. Kusancin da ya rage wa garin sarauta shi ne ya ba shi masu saye.

5. Kammalawa

Yawancin abin da aka rubuta a kan Mirriya daga bakin fadar Zinder ko daga rahotannin kumandan ya fito. Ya kamata ɗalibai su je su ɗauki kirarin sarakunanta daga maroƙa, da tarihin unguwanni daga tsofaffi, da kalmomin sana'a daga masu ginin tukwane, tun masu sanin suna raye. Da haka ne za a iya gwada abin da birni ya faɗa da abin da garin yake faɗa game da kansa.