Farin da ke tsakiyar idon jariri ba ya washewa da kansa

A gidajenmu na N'Djamena, idan uwa ta lura da wani fari a tsakiyar baƙin idon jaririnta, abin da ta fi ji daga manya shi ne: "Ki bar shi, ido ne bai gama nuna ba, zai washe in ya girma." Iyayenmu suna faɗin haka ne don kwantar da hankali, kuma maganarsu tana da tushe. Sun ga jarirai masu yawan hawaye sun daina kafin su cika shekara, sun ga idon da ke ɗan karkacewa a watannin farko ya daidaita. A nan sun yi gaskiya. Sai dai fari a tsakiyar ido wani abu ne daban, kuma dalilin yana cikin yadda Allah ke gina ido a mahaifa.

Ido yana fara tsirowa tun a mako na 4 da shigar ciki. Ƙwayoyin halitta suna ninkuwa da sauri, amma aikin ba ya kammala sai wasu sun mutu a kan tsari. Akwai jijiyar jini da ke ratsa tsakiyar ido tana ciyar da madubinsa. Kafin haihuwa takan shanye, kamar yadda magini ke cire katakon tokara idan gini ya tsaya. Ƙwayoyin madubin kansu suna zubar da cibiyarsu domin haske ya wuce ba shamaki. Zaruruwan jijiyar gani sukan haura miliyan 3 a tsakiyar ciki, sannan su ragu zuwa miliyan 1 da 'yan kai. Binciken irin wannan mutuwa mai tsari ne ya sa aka ba Sydney Brenner da Robert Horvitz da John Sulston kyautar Nobel a 2002.

Ke nan washewar da ake jira tun a ciki ya kamata ta auku. Idan jariri ya fito da fari, wani mataki ne ya sami tangarɗa. Yana iya zama yanar ido ta haihuwa, wadda akan gada, ko ta biyo bayan cutar rubella, mai kama da ƙyanda, idan ta kama uwa a farkon ciki. Likitan ido Norman Gregg ne ya gano wannan alaƙa a Ostireliya a 1941. Yana iya zama jijiyar nan ce ta ƙi shanyewa. Mafi haɗari, yana iya zama sankarar bayan ido, inda ƙwayoyin da ya kamata su daina ninkuwa suka ci gaba. Ta fi kama yara 'yan ƙasa da shekara 5.

Jira yana da tsada. Ƙwaƙwalwa tana koyon gani ne a watannin farko, shi ya sa likitoci ke son cire yanar haihuwa cikin makonni 6 zuwa 10 na farko. Idan aka makara, ko an yi aikin, gani ba ya dawowa sosai. Sankarar kuwa, a ƙasashen da ake gano ta da wuri, fiye da yara 9 cikin 10 suna rayuwa. Idan aka bari ta fita daga ido, rai take nema. Ɗiga nono ko shafa kwalli ba ya kaiwa inda matsalar take.

Don haka, iyayenmu da kakanninmu, ku da ake jin maganarku a gida, ku zama na farko da za su ce a tafi asibiti. Asibitin Uwa da Yara da Babban Asibitin Ƙasa duk suna cikin garin nan. Duk wanda ya ga fari a idon jariri, ko da a hoton waya ne, ya kai shi wurin likitan ido cikin makon nan.