Mas'alar Bindigar Farko ta Ɗan Mafarauci a Amurka

A ƙauyukan Amurka, inda farautar barewa a ƙarshen kaka ta zama abin gado, har wasu makarantun jihar Pensilbaniya suka saba sallamar ɗalibai saboda ita, akwai mas'alar da iyaye maza suka daɗe suna saɓani a kanta, watau wace bindiga ce ta cancanta a fara damƙa wa yaro ɗan shekara tara ko goma. Hukuma ba ta raba wannan gardama duka ba, domin ko da yake jihar Niyok ta wajabta koyon ladubban farauta tun 1949, Wiskonsin kuwa a 2017 ta soke ƙayyade shekaru muddin yaro yana tare da babba, zaɓen bindigar kansa amana ce da aka bari a wuyan uba.

Lambar da ake kiran bindiga da ita ishara ce ga faɗin harsashinta, galibi da ma'aunin inci. Ɗaya daga cikin ƙananansu, .22 LR wadda aka fito da ita a 1887, da ita kusan kowane yaro yake koyon saiti a kan gwangwani, daga baya zomo da kurege. Amma yawancin jihohi sun haramta harbin barewa da ita, saboda takan raunata dabba ta bar ta tana jan jiki cikin daji, wannan kuwa azabtarwa ce wadda shari'a da hankali duka suka ƙi.

To, me ya hana a ba shi babba a huta? Shurin bindiga ne. Bisa ƙa'idar da Niyuton ya bayyana a 1687, duk ƙarfin da albarushi ya tura harsashi gaba da shi, da irinsa yake tura bindiga baya, wanda ya taɓa cika wa bindigar toka albarushi kuwa ba ya bukatar a kawo masa hujja. Bindigar .30-06, wadda sojan Amurka suka ɗauka a 1906, kafaɗar ƙato ma tana shaida da ita, balle ta yaro mai nauyin kilo talatin. Illar ba ta tsaya ga ciwon kafaɗa ba: yaron da bindiga ta taɓa nausa, jikinsa yakan riƙe abin, har ya zamana duk lokacin da yatsansa ya kusanci kunama sai ya runtse ido ya zabura kafin ƙarar ta tashi, harsashin da aka nufi huhu da shi ya je ya sami tumbi. Ashe babbar bindigar da aka saya don jin ƙan dabba ita ce ta jawo mata doguwar wahala, shi ya sa ra'ayina ya karkata ga masu cewa a sassauta.

Akasarinsu sun tsaya a kan .243 Winchester ta 1955, wadda shurinta yake wajen rabin na .30-06, alhali tana kayar da barewa nan take idan an sami wurin da ya kamata. Wasu sun fi son 7mm-08 Remington ta 1980. Mutanen Ohayo kuwa, da doka ta iyakance su ga harsashi mai miƙaƙƙen kwanso, sun rungumi 350 Legend tun fitowarta a 2019.

Sai dai akwai kuskuren da tausayi kan jefa uba a ciki, ya sayo bindiga marar nauyi don kada yaro ya gaji, bai sani ba raguwar nauyinta ƙaruwar shurinta ce. Abin da ya fi shi ne a gajarta gindinta daidai da hannun yaro, a ɗora bakinta a kan madogara, a kuma toshe masa kunne, tun da ƙarar ta wuce desibel 140, sau da yawa ma ita ke firgita shi fiye da naushin.

Masu horarwa suna da wata dabara ta jarrabawa. Uba yakan juya baya ya ɗura bindiga, wani lokaci da harsashin gaske, wani lokaci da na bogi, ya miƙa wa ɗansa ba tare da ya faɗa masa ba. Idan kunama ta ce ƙyas a kan na bogi, aka ga bakin bindiga ya sunkuya, sai a mayar da yaro ga .22 da gwangwaninsa, barewa ta jira baɗi.