Ranar da Muryar Amurka ta yi shiru

Tun shekarar 1979 sashen Hausa na Muryar Amurka yake shiga gidajen Damagaram, daga birnin Zinder har zuwa Dogo. A watan Maris na 2025, masu akwatin rediyo suka murɗa, suka ji tsit. Shugaba Donald Trump ne ya sa hannu a kan umurnin da ya dakatar da ma'aikatan gidan.

Mahawara ta kaure a Washinton. Fadar shugaban ta ce gidan yana nuna son kai, da kuɗin talakawa kuma. Masu suka suka ce shugaba ya wuce gona da iri, tun da majalisar dokoki ce ke ware kuɗin, dokar 1976 kuwa ta wajabta wa gidan faɗin gaskiya. A watan Afrilu, alƙali Royce Lamberth ya ba da umurni a maido da aiki.

Mai karatu, manyan ƙasashe ba su buɗe sashen Hausa don Allah: Ingila tun 1957, Jamus da Sin tun 1963. Kowa ya ci ladan kuturu, sai ya yi masa aski. Saboda haka, ka saurari tasha biyu ko uku, ka gwada, kana ka yanke hukunci.