Idan Kukan Boris Ya Ƙi Dainawa

'Yan'uwa manoma, yawancin ƙungiyoyinmu na gama kai da tsohuwar mota suke aiki. Wasu suna da Toyota Hiace, wasu kuwa a-kori-kura ta Peugeot. Su ne ke kai tumatir da albasa kasuwar 'Yankaba, su kai hatsi Dawanau, su komo da taki. Ƙarar da direbobi suka fi kawo mana a ofishinmu na Nassarawa a Kano ita ce: ƙafar mota tana kuka, an sake boris, bayan mako kaɗan kukan ya komo. To, kafin ma'aji ya sāke buɗe akwati, ya kamata a san inda kukan yake fitowa da abin da ya kawo shi.

Boris shi ne abin da ƙafar mota take juyawa a kansa, shi ne kuma yake ɗauke da nauyin motar da kayanta. Idan ya soma lalacewa yakan yi gurnani kamar dutsen niƙa. In aka ƙyale shi sai ya yi zafi ya kama, wani lokaci ma ƙafar ta fice ana cikin gudu. Wannan ba hasarar kwandunan tumatir kaɗai ba ce, gama akwai rayukan mutane a ciki.

Gwaji na fari a kan hanya ake yi. A sami titin kwalta da sassafe kafin motoci su yi yawa. Mu nan mukan bi Audu Bako Way. Idan mota ta ɗauki gudu kaɗan, direba ya sa giya a firi. In kukan ya ragu tare da ƙarar inji, to, ba boris ba ne. In kuwa yana nan, yana ƙaruwa da gudun mota, sai a duba ƙafafu. Sa'an nan ya karkata sitiyari hagu a hankali, ya komo dama. Karkatawa hagu tana ɗora nauyi a ƙafafun dama, saboda haka in kukan ya ƙaru a lokacin, galibi boris na dama ne. Sau da yawa an sāke na gefen da yake lafiya, an bar marar lafiyar.

A tuna, taya da ta ci gefe ɗaya ita ma tana gurnani. Amma kukanta yakan sāke idan an sauka daga kwalta zuwa hanyar burji. A mai da tayoyin gaba baya, a saurara ko kukan ya bi su. Aksul na baya kuma yakan yi kuka sa'ad da aka taka mai, ya yi shiru ko ya sāke murya in an ɗaga ƙafa. Boris ba ruwansa da wannan.

Gwaji na biyu a tsaye ake yi. A sa weji, a ɗaga mota da jak, a tokare ta da gungumen itace, kada kowa ya dogara ga jak kaɗai. A kama taya sama da ƙasa a girgiza. In tana motsi, wani ya taka birki a sāke girgizawa. Idan motsin ya ɓace, boris ne. A kuma juya tayar da hannu a saurari ko tana ƙarƙara.

Me ya sa sabon boris yakan mutu da wuri? Ƙafar gaba ta irin waɗannan tsofaffin motoci tana da boris biyu, na ciki da na waje, kowanne da kofinsa. Bakanike mai gaggawa yakan sa sabon boris a kan tsohon kofi, ko ya sāke na waje ya bar na ciki. Wani kuma yakan ɗaure noti tam, yana tsammani ƙarfi shi ne aminci, alhali kuwa matsi yana ƙona boris. Yadda ake yi shi ne a ɗaure ana juya ƙafar har kome ya zauna, a kwance kaɗan, a mayar da ƙarfin hannu kawai, sa'an nan a sa sabon fil na kulle noti. Ƙusa ba ta maye gurbinsa. In kuwa kofi yana juyawa a mazauninsa, hob ɗin ne ya cinye, sai an sāke shi.

Akwai kuma ruwa da ƙura. A watan Agusta motocinmu suna ratsa kududdufai, da hunturu kuwa ƙura ce ko'ina. Robar da ke tsare giris idan ta tsage, ruwa da yashi sukan shiga. Kuɗinta kaɗan ne, a sāke ta duk lokacin da aka buɗe ƙafa. A wanke tsohon giris sarai da kananzir, a bari ya bushe, a cusa sabo har cikin 'ya'yan boris.

Wajen saye a Ƙofar Ruwa, a tafi da tsohon boris, gama lambarsa tana rubuce a jikinsa. Sunaye kamar Koyo da NSK da SKF nagari ne, amma akwai jabunsu, saboda haka araha mai yawa abin tsoro ne. Lodi fiye da kima kuwa ba boris ɗin da zai jure masa. Gara sawu biyu da kwana a bakin hanya.

Muna ba kowace ƙungiya shawara ta ajiye ɗan littafi a mota. A rubuta ranar da aka sāke boris, da ƙafar da aka yi wa aiki, da sunan kayan da aka sa. Bayan kowace damina a buɗe ƙafafun gaba a duba giris. Direba kuma ya faɗa wa shugabanni ranar da ya fara jin kuka, kada ya jira sai an yi lodi.