CIWON CIKI NA DABBOBI A BAKIN TAFKIN KAINJI

Manoma da makiyaya na ƙasar Ngaski, daga Wara har Libata, in dabba ta ƙi ci sukan ce ciki ne ke damunta, sai a sayo kafso a kasuwa a ɗura mata. To, ciwon ciki ba iri ɗaya ba ne. Wani yakan kashe sa cikin sa'a guda, wani kuwa sai ya yi wata huɗu yana cin dabba mai ita bai sani ba. Maganin wannan ba ya yi wa wancan kome. Saboda haka tilas a san irin ciwon tukuna kafin a taɓa aljihu.

Bari mu fara da mai saurin kisa, watau kumburin ciki. Saniya da tunkiya da akuya cikinsu kashi huɗu ne, babbansu shi ne tumbi, yana gefen hagu. A nan ciyawa ke ruɓa, iska tana taruwa, dabba tana fitar da ita da gyatsa. In ta cika ciki da ɗanyen ganyen wake ko sabon tsiro na farkon damina, musamman da sassafe ga raɓa, sai abincin ya yi kumfa, iskar ta rasa hanya. Za ka ga kwiɓin hagu ya tashi kamar ganga, ta bar tuƙa, tana nishi. Kada ka tsaya jira. Tsai da ita gabanta ya fi bayanta tudu, ka ɗura mata man gyaɗa, rubu'in lita zuwa rabi ga babbar saniya, cokali babba huɗu ko biyar ga tunkiya. Ka ɗura a hankali ta gefen baki, kada ka ja harshe, domin in man ya bi ta huhu an gudu ba a tsira ba. Huda kwiɓi aikin malamin dabbobi ne, sai ka aika masa tun da wuri.

Gyauron dawa kuwa dabam yake, ko da yake mutane suna haɗa su. Ƙaramar dawa da ta sake tohowa bayan girbi, ko wadda fari ya kama, tana da dafi a ganyenta. Dabba ta ci, sai rawar jiki da haki, ta faɗi, sau da yawa kafin a kirawo kowa ta tafi. Ɗanyen ɓawon rogo mai ɗaci ma irin dafin nan gare shi, amma in an shanya shi ya bushe sarai yawancin dafin yakan fita. Maganin gyauro shinge ne da igiya.

Akwai kuma na masu kiwon ragon Layya. Mutum ya sayo rago ramamme daga daji, ya tula masa dusa da hatsi rana ɗaya don ya yi ƙiba da sauri. Tumbin bai saba ba, sai ya yi tsami, rago ya kwanta yana zawo mai wari. A janye hatsin nan da nan, a ba shi busasshiyar ciyawa. Tun farko kuwa a riƙa ƙara dusa kaɗan kaɗan har mako biyu.

Amma abin da ya fi cin dukiyar mutanenmu a ɓoye shi ne tsutsar hanta, ita ce kuma ta sa na ɗauki alƙalami. Tun da aka gama madatsar Kainji cikin 1968 ruwa ya kwanta a ƙasarmu, kowace shekara tafkin yakan cika, sa'an nan ya ja baya da rani ya bar fili mai laka da ɗanyen burugu. Lokacin nan tudu ya bushe ƙurmus, saboda haka shanun Fulani da bijiman noma duk sai su gangara bakin ruwa. Ba wanda zai ga laifinsu, ciyawar tana da kyau ƙwarai. Sai dai a cikin ruwan nan mara zurfi akwai wata 'yar katantanwa, ita ce masaukin tsutsar.

Ga yadda abin ke zagayawa. Saniya mai ciwon ta yi kashi a bakin ruwa, ƙwai yana ciki. Ƙwan ya ƙyanƙyashe, 'ya'yan su shiga katantanwa su hayayyafa, bayan 'yan makonni su fito su manne a jikin ciyawa, ido ba ya ganinsu. Wata dabba ta ci ciyawar, sai su huda hanji su shiga hanta, su yi ta ɓarna har wajen wata uku kafin su girma. Babbar tsutsar faffaɗa ce kamar ganye, takan kai tsawon ɗan yatsa. Wanda yake shakka ya je mahauta da safe ya roƙi mahauci ya tsaga masa hantar da ta yi tauri da fararen jijiyoyi, zai gan su da idonsa.

Alamarta ita ce dabba tana ci amma tana ramewa, gashi ya tashi, cikin fatar ido ya yi fari fat don ƙarancin jini, ƙarƙashin haɓa ya kumbura da ruwa, nono ya ragu, wani lokaci da zawo. Bijimin da ya kwana da ita duk rani, ran da aka ɗaura masa garma sai ya yi kunya biyar ya tsaya. Tumaki ba su jure mata kamar shanu, sukan mutu farat ɗaya in sun kwashi da yawa.

Kafso ba ya taɓa tsutsa ko kaɗan. Albendazole, farin maganin nan da kowa ya sani, yana kashe tsutsar hanji da manyan tsutsar hanta in an ba da shi daidai nauyin dabba, amma ƙanana sukan tsira. Triclabendazole shi ke kashe manya da ƙanana. A ganina wanda dabbobinsa ke kiwo a bakin tafki ya ba su sau biyu a shekara, da ƙarshen damina, da kuma bayan sun baro bakin ruwa, kafin a fara huɗa. Kada a ba da albendazole ga wadda ta ɗauki ciki cikin wata guda da rabi na farko. Kada kuma a raba na sa ɗaya ga shanu uku don tsimi, wannan koya wa tsutsa jure magani ne. A tambayi malamin dabbobi kwana nawa za a bari kafin a sha nono ko a yanka. Masu shinkafa a fadama su lura, gindin bambaron da ya zauna cikin ruwa yakan ɗauko cutar, a shanya shi a rana sosai kafin a ba dabba. Wanda ke da rijiya kuwa ya shayar a kwami, ya fi.

Zawon 'yan maruƙa rashin ruwa a jiki ne ke kashe su. A bar su su sha dakashi tun ranar haihuwa. In zawo ya kama, a dama ƙaramin cokali shida na gulukos da rabin cokali na gishiri cikin lita guda ta ruwa mai tsabta, a riƙa ba su, kada kuma a hana su nono. In kuwa awaki ne da yawa suka kama zawo tare, ga majina ga gyambo a baki, wannan annoba ce mai yaɗuwa, a ware marasa lafiya a kai rahoto ofishin dabbobi. Akwai allurar rigakafinta da ake yi a Vom.

Saura leda. Akuyar da ke kiwo a juji bayan kasuwa takan haɗiye ta, ta dunƙule a tumbi, ciki ya yi ƙato jiki yana bushewa. Ba maganin sha da ke narkar da ita, sai likita ya tsaga ya fitar, ko kuwa a sayar wa mahauci tun da sauran nama a jikinta.